Ƙanena Ya Karɓi Kujerar Taraktata Ina Kwance

Babikir ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya je wurin wakilin gonar da nake aiki a Simsim ya ce masa na gama, ba zan ƙara taka ƙasa da ƙafata ba, a ba shi taraktar da na yi damina goma sha tara ina tuƙawa. Har ya ƙara da cewa ni na aiko shi. Kwana goma sha ɗaya da faɗuwata ya yi wannan, ko bakina bai gama miƙewa ba. Na sa maganar a gaba don ba na son zagaye-zagaye, kuma don wanda ɓarin jikinsa ya mutu ya sani ba ciwon kaɗai zai kwantar da shi ba. Masu sonsa ma za su taya.

Sunana Musa, shekarata hamsin da biyu, a Gadarif aka haife ni. Karatuna allo ne da aji huɗu, wanda ya ga kuskure ya gyara wa kansa. Aikina tun ina saurayi, idan ruwan farko ya sauka mu tafi kambo, wato bukkokin ma'aikata a tsakiyar gona, in ja diski, wato garmar da ake ɗaura wa tarakta, mu shuka dawa da riɗi, da kaka kuma in ja tirela. Abin da gidana ke ci shekara daga wannan kujerar yake fitowa. Babikir ni na koya masa komai. Shekara tara yana tsaye a bayana a kan diski, yana zuba iri yana shafa giris, har hannunsa ya faɗa da tuƙi.

Ciwon ya yi mini sallama, ni ne ban amsa ba. Tun kaka ƙeyata take nauyi, in na sunkuya in ga duhu. Na ce rana ce. Mutumin da zai zauna awa goma sha biyu a kan inji, ya sauko ya ci asida, tuwonmu na nan, da mai da gishiri, ya kora da jabana, wato gahawa, kofi huɗu kowanne rabinsa sukari, ɗauka yake ya yi aiki tunda ya gaji. Inji ne ya yi aiki. Ni zama na yi, tumbi yana fita.

Wata safiya cikin watan ɗaya, an gama yankan dawa na dawo gida, na tsuguna alwala sai buta ta suɓuce daga hannuna na hagu. Na ce in ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Na kira matata Zahra'u, ta ce abin da ya fito daga bakina ba magana ba ce. Ta ƙwala wa Babikir kira ta kan katanga, don katanga ce kawai ta raba gidajenmu. Raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ba ta shiga lungunmu. A bayansa ya goye ni har bakin kwalta, yana haki yana kuka. Wannan na rubuta masa a gefen alheri, ban goge ba.

Satin farko a mustashfa, wato asibiti, muka yi shi. Wanda bai ga asibitin Gadarif ba tun da yaƙi ya koro mana mutanen Khartum da Madani, bai san layi ba. Wuni guda ina kwance a baranda a kan tabarmar da Zahra'u ta zo da ita kafin a ba ni gado. Diktor ya ce jalɗa ce, wato jini ya toshe wata hanya a kaina, kuma hawan jini ne ya jawo, ya daɗe yana cina. Hoton kai da allurai suka tafi da dawar da muka ajiye ta ci da awarwaron Zahra'u. Ba ta taɓa ambata mini awarwaron ba har yau.

Ranar da za a sallame ni wata diktora ta zo, gajeruwa mai tabarau, ita ce ta ɓangaren motsa jiki. Ita ma yaƙi ne ya koro ta. Ta ɗaga ƙafata ta sake, ta ce in matse mata yatsa, na matse kaɗan. Ta ce akwai rai a ciki. Sai ta ce mini wata magana da Larabci, ga Hausarta: “Jalɗa ta ci rabi ta bar maka rabi. In ka kwanta, gado zai cinye abin da ta rage.” Ta ce a riƙa kawo ni sau biyu a sati.

Ba a kai ni ba ko sau ɗaya.

Yayarmu Kaltume ta iso daga Hawata da kayanta, ta karɓe jinya. A wurinmu babba idan ya kwanta ba a barinsa ya ɗaga ko kofi, abin kunya ne ga dangi. Aka fitar mini da angarib, gadonmu na igiya, ƙarƙashin rumfa. Ita take ba ni abinci a baki, ita take juya ni, ta shafe ni da man riɗi safe da yamma har ina ƙyalli kamar sabon bututu. 'Yan dubiya suna shiga suna fita, kowa da maganinsa. Wannan ya ce aljani ne ya mare ni shi ya sa baki ya karkace. Wancan ya ce a yi mini sakiya a gwiwa. Wanzami ya yi ƙaho, faki, wato malamin unguwa, ya aiko da rubutu na sha. Rubutun ban ƙi ba, har gobe zan sha. Amma duk cikinsu babu wanda ya ce tashi.

Zahra'u ta tuna musu maganar diktora, Kaltume ta ce yarinyar Khartum me ta sani, haka muka yi jinyar babanmu. Babikir ya goya mata baya. Ya ce girgizar raksha za ta dawo da jalɗa, kada a wahalar da Yaya. Kullum Juma'a yana zuwa ya zauna a bakin gadona ya ce, Yaya ka huta, ka yi mana wahala ta isa.

Zan faɗi gaskiya a kaina. Na ji daɗin kwanciyar. Tausayi yana da zaƙi, mutum bai san yana narkewa ba. Sati huɗu ina nan, cinyata ta hagu ta koma kamar muciya. Kuma na san ƙarshen wannan hanyar, don babanmu wannan ciwon ne ya kayar da shi, aka kwantar da shi da irin wannan gatan, ya yi shekara bakwai a kan angarib. Ni nake wanke masa gyambon bayansa. Na sani, amma na kwanta.

A sati na biyar Adam mai gadin kambonmu ya shigo gari ya biyo dubiya. Tsoho ne, ba shi da ƙulli a ciki. Yana shan shayi ya ce na yi hankali da na tura Babikir wurin wakil da wuri, tarakta ba ta fita daga gida ba. Na ce yaushe na tura shi? Adam ya ajiye kofi ya dubi ƙasa. Ya gaya mini ranar, ya gaya mini abin da aka faɗa, sannan ya ce ya tuna yana da saƙo a kasuwa.

Na sa Zahra'u ta kira mini wakil a waya. Bai ɓoye ba. Ya ce, “Ma'alesh, yi haƙuri ya Musa, gona ba ta jiran kowa. Amma kai ne na farko a kanta. In ruwan shuka ya sauka ka zo Simsim da takardar diktor, ka hau da kanka ba wanda ya taɓa ka, ka ja mini diski layi ɗaya daga wannan baki zuwa wancan, kujerarka ce. In ba haka ba ta Babikir ce, halas, magana ta ƙare.”

Wata huɗu da 'yan kwanaki ke nan a gabana. Kuma ƙafar da ta mutu ita ce ta kuloci.

Ranar na yunƙura in tashi ni kaɗai, na yi taku biyu na faɗi a gindin tulu, na fasa shi. Kaltume ta ɗora hannu a ka tana cewa za a ce ta kasa jinyar ƙanenta. Na ce Yaya, a ce. Washegari Zahra'u da maƙwabcinmu suka riƙe ni zuwa kwalta. A asibiti mun kama layi tun hantsi, bayan azahar aka kira mu. Diktora ta dube ni ta kan tabarau ta ce ina na shiga sati huɗu? Na ce ina gida ana sona. Ba ta yi dariya ba. Ta ce satittikan farko su suka fi tsada, na zubar da su, amma ba a rufe ƙofa ba tukuna.

Abin da ta ɗora mini ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, shi ya sa yake da wuya. In tashi daga bakin gado in zauna sau goma, sau uku a rana. In tsinci ƙwayar dawa daga faifai da yatsun hagu in zuba a kofi. In bi bango ina dafawa. Na gaya mata maganar kuloci, ta ce ba ta taɓa hawa tarakta ba, amma in sami abu mai tauri in riƙa turawa da tafin ƙafa. Na sa aka yanko mini tsohon tiyub na taya, aka ɗaura a ginshiƙin rumfa. Ranar farko ko motsi bai yi ba. Ni da nake taka kuloci ina hira, ga ni ina gumi a gaban roba.

Ban ce wa Babikir komai ba. Ya ci gaba da zuwa Juma'a, ya same ni ina fama da tiyub ya ce, Yaya me kake nema haka, ka bi a hankali. Na ce to. Na riga na yi wa kaina alkawari ba zan yi masa maganar daga kwance ba.

Sati na takwas diktora ta ce tsakar gida ta yi mini kaɗan, in fita titi da sanda, kullum, safe da yamma. Nan na gamu da abin da ya fi tiyub tauri. A unguwarmu magidanci ba ya tafiya babu dalili. Ko masallaci, ko kasuwa, ko gaisuwar mutuwa. Wanda ya fita ya je ya dawo hannu biyu, ko mahaukaci ne ko yana bin matar wani. Masu zama wurin matar da ke sayar da shayi suka fara. Ina zuwa ya Musa? Na ce babu. To daga ina? Na ce babu. Ɗayansu ya ce ashe jalɗar ta taɓa sama ma, suka yi dariya ƙasa-ƙasa, ina ji.

Masu dariya da sauƙi. Masu alheri su suka kusa kashe ni. Ba na yin turken lantarki biyu sai mai amalanken jaki ko mai raksha ya tsaya ya ce in hau. In ce motsa jiki nake, ya ce subhanallah, yana raye zan ja ƙafa a titi? Wata rana wani ɗan unguwa ya tsayar da raksharsa ya rantse da sakin matarsa sai na hau. Kun san mu, mun koyi wannan rantsuwar wurin Larabawa har mun fi su iyawa. To in kashe masa aure saboda tafiya? Na hau. Ya ajiye ni a ƙofar gida yana murna ya sami lada.

Kwana huɗu ban fita ba. Na koma angarib na juya wa mutane baya. Kaltume ta ce alhamdu lillahi hankali ya dawo.

Rana ta biyar, na idar da asuba, Zahra'u ta ajiye mini kwando a cinya. Ta ce burodin kantin unguwa ya lalace, ita daga yau na gidan burodin da ke tsallaken kwari take so, kuma ba ta da ɗan aike. Na ce ke, ni za ki aika? Ta kira ni da sunan 'yarmu ta ce, “Abu Amina, mai kwando ba a tambayarsa ina za shi. Ka bi ta lungu, raksha ba ta shiga.”

Haka aka yi. Safe burodi, yamma albasa ko gawayi, kullum abu ɗaya tak take mantawa, kuma kullum a nesa ake sayar da shi. Masu zaman shayi suka koma cewa matata ta mallake ni. Wannan ban damu ba, rabinsu haka suke. Matan unguwa suka sa Zahra'u a baki, wai tana aiken miji mara lafiya. Kaltume ta ɗaure kayanta ta koma Hawata cikin fushi, ta ce ba za ta tsaya ta ga ana wulaƙanta ɗan babanta ba. Bayan sati biyu ta aiko da galan na man riɗi. Yaya Kaltume ta so ni iyakar saninta, Allah ya saka mata. Amma da na bi ta da yanzu ana juya ni.

Kai da kake karantawa, kada ka ɗauka fushi ne ya kai ni. Fushi man fetur ne na gwangwani, yana tayar da inji amma ba ya kai ka ƙarshen gona. Nawa sati uku ya yi ya ƙare. Zafin watan huɗu ya shigo, ƙasar nan tamu baƙa ta dare kamar bakin kada, akwai safiyar da zan tashi in ji ko tarakta goma za a ba ni ba zan sa takalmi ba. Abin da na gano shi ne kada in tsaya shawara da kaina. Takalmina a bakin dardumar salla yake kwana. Ina sallamewa in zura ƙafa kafin zuciya ta buɗe baki. In na gaji in ce turke ɗaya kawai zan ƙara. In na kai shi in ga na gaba bai yi nisa ba.

Na yi wauta ma. A sati na goma sha biyu na ga na fara ƙarfi, na ninka tafiyar rana guda, sanda ta faɗa tsagar ƙasa na kife, gwiwa ta kumbura. Diktora ta zage ni tas, ta ce gaggawa da kwanciya 'yan uwa ne, ta mayar da ni baya kwana goma. A cikin watan ne kuma ƙwayar hawan jinin da nake sha ta ɓace daga kantunan magani, Zahra'u ta zaga gari kwana uku kafin ta samo. Masu ɓoye magani su sayar da tsada, Allah yana ganinku, ban yafe ba.

Amma abubuwa suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Barci ya dawo. Nauyin ƙeya ya tafi. Na rage gishiri, jabana ta koma kofi ɗaya, wandona ya fara zamewa. Wata Juma'a a watan biyar na tsaya a sahu na yi ruku'u da sujada ba kujera, na tashi ban dafa kowa ba. Ban san ina hawaye ba sai da na kusa da ni ya miƙo mini hankici. Daga ranar na ajiye kwandon. Mai shayi ta ce ina zuwa, na ce tafiya. Tiyub kuwa na ninka shi biyu, ina tura shi sau hamsin.

Ƙarshen watan shida hadari ya haɗo, aka yi ruwa biyu masu kyau. Diktora ta gwada ni, ta sa aka auna jini, ta ba ni takarda da sharaɗi: da rana kaɗai zan tuƙa, ƙwaya kullum, kuma duk awa biyu in sauko in zagaya inji da ƙafa. Yatsuna biyu na hagu ba su dawo duka ba, ta ce wataƙila haka za su zauna. Na yi mata godiya da Larabcina na kambo. Ta ce in gode wa mai aikena burodi.

Na hau lori zuwa Simsim. Na sami tarakta a bakin gona an ɗaura mata diski, Babikir yana zuba mata gas. Ya gan ni, galan ya kusa faɗuwa daga hannunsa. Wakil ya karanta takarda ya naɗe, ya nuna mini inji da haɓa.

Na kama ƙarfe da hagu na ɗora ƙafa a mataki, taɓo ya zame ni, yatsun nan biyu suka saki, na dawo ƙasa da gwiwa. Babikir ya taho da hannu a miƙe, na ce masa tsaya inda kake. Na kankare taɓon takalmi a jikin taya, na juya na kama da dama, na hau. Kuloci ya fi tiyub nauyi, ƙarya ne in ce ba haka ba. Ƙafar tana rawa kamar ta ɗan akuya. Na danna har ƙasa, giya ta shiga. Na ja layin nan, dogo ne, ban taɓa sanin tsawonsa ba sai ranar. A wurin juyawa na ɗan karkace. Na dawo na kashe inji na sauko da kaina.

Wakil ya ce layin ya karkace a ƙarshe amma na Babikir ma yana karkacewa. Ya ce kujera tawa ce. Sai ya ja ni gefe ya ce yanzu ya gane ban aiko kowa ba, in ba na son ƙanena a bayana ya sallame shi yau, akwai masu nema. Babikir yana da 'ya'ya shida, kuma an riga an gama ɗaukar ma'aikata a ko'ina.

Na same shi a bayan tirela yana goge hannu da tsumma, hannun da ba shi da datti. Ya ce, “Alhamdu lillahi Yaya, addu'armu ta karɓu.”

Na tsaya a gabansa ba sanda, na ce: “Babikir, dube ni. Da ka zo ka ce Yaya, yarana za su ji yunwa, ara mini kujerar damina ɗaya, wallahi da ni zan kira maka wakil. Amma ka je ka yi mini jana'iza ina numfashi, ka dawo ka zauna a bakin gadona kana cewa in huta. Wakil ya ce in kore ka. Ba zan kore ka ba, yaranka ba su yi mini komai ba. Za ka koma kan diski ka zuba iri. Gobe kuma da an sallame asuba zan zagaya kambo da ƙafa kafin mu tayar da inji, ka sa takalminka ka biyo ni. Jininmu ɗaya, kuma tumbinka ya fi wanda ya kayar da ni. Ranar da ka faɗi, ni ba zan je wurin wakil ba. Amma ka sani tun yanzu, ko kana kuka ba zan bar ka ka kwanta ba.”